Kuloksasilin da Ciwon Mugunya a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa: Maganin ne Ya Gaza, ko Yadda Ake Shan Sa?

Tsakure

Kuloksasilin magani ne daga dangin fenisilin, wanda aka ƙera domin ƙwayar cutar sitafilokok, mai haddasa maruru, ɗan karkare, ruɓewar cibiyar jariri, ciwon ƙashi da shigar cuta cikin jini. A ɗakunan shan magani na jahar Maraɗi ana yawan jin cewa maganin ya daina aiki, daga nan sai a koma ga allurar seftiriyakzon. Wannan takarda ta bi tarihin maganin da halayensa a jikin mutum, ta auna su da yadda ake sayen sa da shan sa a birnin Maraɗi da Tibiri da Jiratawa. Hujjar da ta kafa ita ce, sau da yawa abin da ake kira gazawar magani ƙarancin awo ne, ko sha a kan abinci, ko mugunyar da ba a fitar ba. Inda kuwa ƙwayar ta bijire da gaske, seftiriyakzon ma ba ya kashe ta, don haka ɗakin awo kaɗai ke raba gardama.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa zama a teburin duba marasa lafiya a wannan jaha ya san watannin mugunya. Idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, ƙurajen zufa su feso wa yara, sai maruru ya biyo baya a goshi da ƙeya da ɗuwawu. Damina kuma ta zo da nata: kaftun hauya, sartse, ƙazwar da aka sosa har ta yi ruwa. A fadamar Jiratawa, inda ake noman rani da ruwan famfo, mai aikin zogale da albasa yana wuni ƙafa cikin laka, ƙaramin yanka ya zama miki. A Danja, cikin ƙaramar hukumar Jiratawa ɗin dai, asibitin kuturta ya daɗe yana jinyar gyambon tafin ƙafa. Mafi yawan mugunyar da ke fita daga irin waɗannan ciwuka aikin ƙwaya ɗaya ce, wadda masana ke kira Staphylococcus aureus, mu kuma a bakin aiki muke cewa sitafilokok.

Maganin da littattafan aikinmu suka tanadar mata shi ne kuloksasilin. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yana da araha. To, araha ba ta ado. Na sha jin ma'aikacin lafiya, ba mai talla ba, yana cewa "kuloksa ba ya ji yanzu, a yi masa seftiri." Wannan jimla ita ce dalilin rubuta takardar nan. Ina so in nuna cewa a cikinta an bar jaki ana dukan taiki.

2.0 Ƙwayar da maganinta

Wani likitan fiɗa na garin Abadin a Sikotilan, Alexander Ogston, shi ya fara bayyana wannan ƙwaya a 1880, bayan ya duba mugunyar marurai a madubin ƙara girma ya ga ƙwayoyin sun taru kamar nonon inabi. A 1884 Bajamushe Friedrich Rosenbach ya raɗa mata aureus, wato mai ruwan zinariya, saboda launin da take yi a farantin shuka. Ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a cikin hancinsa lafiya lau, sai fata ta sami kafa take zama cuta.

A kan farantin wannan ƙwaya ce Alexander Fleming ya ga aikin fenisilin a asibitin St Mary's na Landan a 1928. Mutum na farko da ƙungiyar Florey da Chain ta yi wa jinya da shi a Okusfod, a watan Fabrairun 1941, ɗan sanda ne mai suna Albert Alexander. Ya fara samun sauƙi, maganin ya ƙare, ciwon ya dawo, ya rasu a watan Maris. Na kawo labarinsa da gangan: majinyacin farko na fenisilin ƙarancin magani ne ya kashe shi, ba bijirewar ƙwaya ba.

Bijirewar ba ta jima ba ta iso. Ƙwayar bakteriya tana zaune ne cikin ganuwa, kuma kullum maginanta suna ɗora tubali. Abin da fenisilin ke yi shi ne ɗaure hannun maginan, ganuwa ta tsage, ƙwaya ta fashe. Ƙarfin maganin duka yana cikin wani ɗan zobe mai kusurwa huɗu a jikinsa. Sai sitafilokok ta fito da wani sinadari, fenisilinaz, wanda ke datse zoben kamar almakashi tun kafin ya kai ga magina. William Kirby ya bayyana haka a 1944. Mary Barber ta bi lamarin a asibitin Hammersmith na Landan, ta ga ƙwayoyin da ba sa jin fenisilin sun tashi daga ƙasa da kashi 15 cikin ɗari a 1946 zuwa fiye da rabi a 1948. Yau fiye da kashi 80 cikin ɗari na sitafilokok, kusan ko'ina a duniya, suna da wannan almakashi. Ma'anar haka ga mai rubuta takardar magani a Tibiri ita ce, fenisilin na da, da amfisilin, da amoksisilin shi kaɗai, duk ba abin dogaro ba ne a kan maruru.

Masanan kamfanin Beecham a Brockham Park ta Ingila suka ware ainihin gindin fenisilin a ƙarshen shekarun 1950, abin da ya ba su damar liƙa masa reshen da suka ga dama. Dabararsu ita ce su sa wa zoben wani ƙaton reshe a gefe, kamar dogarin da ya cika ƙofar zaure, yadda almakashin ba zai sami wurin shiga ba. Na farko shi ne metisilin, wanda ya shiga kasuwa a 1960, amma allura ce kawai, ruwan ciki yana lalata shi, kuma yana taɓa ƙoda. A farkon shekarun 1960 kuloksasilin ya fito da sunan Orbenin, ana iya haɗiyarsa. Ƴan uwansa su ne okzasilin, wanda likitocin da suka yi karatu da Faransanci suka fi sani, da dikuloksasilin, da fulukuloksasilin na Ingila. Aikinsu ɗaya ne.

Reshen da ya kare zoben shi ne kuma ya taƙaita maganin. Kuloksasilin ba ya taɓa ƙwayoyin hanji irin su salmonela da ƴan uwanta. Wannan ƙunci ba aibi ba ne, shi ne darajarsa, domin yana kashe abin da aka aike shi ya bar sauran. Shi ya sa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2017, wanda ya raba magungunan kashe ƙwayoyin cuta gida uku, ya sa shi a gidan farko na waɗanda ake so a fara da su, ya sa seftiriyakzon a gida na biyu na waɗanda ake sa wa ido.

A 1961, shekara ɗaya da fitowar metisilin, Patricia Jevons ta ɗakin awo na Colindale ta ba da rahoton ƙwayoyin da ba sa jin sa. Waɗannan ba sabon almakashi suka ƙera ba, sabon magini suka ɗauko, wanda igiyar fenisilin ba ta kama hannunsa. Umarnin yin wannan magini yana cikin wani ƙullin gado da ake kira mecA. Su ne ake kira MRSA a Nijeriya, SARM a takardunmu na Nijar. A riƙe wannan da kyau, don a kansa sauran bayanin zai tsaya: ƙwayar da ta sami sabon magini ta fi ƙarfin kuloksasilin, ta fi ƙarfin amoksisilin mai kilabulanik, ta kuma fi ƙarfin seftiriyakzon. Wani abin mamaki, binciken da mujallar Nature ta buga a 2022 ya gano wani nau'in wannan ƙulli, mecC, a jikin bushiyar Turai tun ƙarni na 19, saboda wani naman gwari da ke fatarta yana fitar da sinadari irin na fenisilin. Ashe bushiya ta riga Fleming.

3.0 Sharuɗɗan maganin da rayuwar mai shan sa

A nan zan daɗe, don a nan matsalar take.

Kuloksasilin magani ne mai sharaɗi. Idan an haɗiye shi da cikin da babu komai, wajen rabinsa ne ke shiga jini. Idan ya tarar da abinci, abin da ke shiga ya ƙara raguwa. Wanda ya shiga ɗin ma, fiye da kashi 90 cikin ɗari yana manne wa furotin na jini, ɗan ragowar ne ke yaƙi. Sannan ƙoda tana fitar da shi da sauri: cikin rabin awa zuwa awa ɗaya rabinsa ya tafi. Dangin fenisilin kuwa ba da ƙarfin duka ɗaya suke kisa ba, da daɗewar da suka yi a kan ƙwayar ne. Saboda haka ƙa'idar ta zama sau huɗu a yini, kowace awa shida, awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu bayansa. Abin da aka saba ba babba shi ne miligiram 500 kowane sha, wato giram 2 a yini.

Yanzu a ɗora wannan ƙa'ida a kan gidan Bamaraɗe. Tun muna yara aka koya mana cewa ba a shan magani da yunwa, yana sa jiri, yana cin hanji. Uwa tana ba yaro koko tukuna, sannan magani. Ma'aikacin da ya miƙa kafso bai ce komai ba, ya bar wannan tsohuwar koyarwa ta yi aikinta, kuma a kan kuloksasilin koyarwar kuskure ce. Manomin Jiratawa da ke fita da gorar fura yana kurɓa daga hantsi zuwa la'asar, yaushe cikinsa ya zama babu komai? Yaron goye da ke kan nono fa? Ga ɗacin ruwan maganin na yara, wanda ke sa su tofar da shi. Ga shi kuma idan an dama garin da ruwa ana so a ajiye kwalbar a firji a yi amfani da ita cikin ƴan kwanaki, alhali a ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa wuri mafi sanyi a gida shi ne gindin randa. Idan azumi ya zo, sau huɗu ya koma sahur da buɗa-baki, dukansu a kan abinci. Ba mamaki da jagoran magunguna na ƙungiyar likitocin MSF ya fi son sefaleksin ga ƙurajen fatar yara, ya bar wa kuloksasilin fagen da ya fi ƙwarewa, wato allurar jijiya a ciwo mai tsanani.

Abin da nake gaya wa majinyaci babba, kuma na ga yana zama a ka fiye da "kowace awa shida", shi ne a ɗaure shan da salla: ɗaya da asuba kafin karin kumallo, ɗaya kafin azahar tun ba a sauke abincin rana ba, ɗaya bayan la'asar sakaliya kafin tuwon dare, ɗaya lokacin kwanciya. Tazarar ba ta zama daidai wa daida ba, amma ta fi safe da yamma nesa ba kusa ba.

Sai babbar magana, Ampiclox. Mutanenmu da yawa ba su san kuloksasilin da sunansa ba, a cikin wannan kafso suka san shi. Kafso ɗaya mai lamba 500 yana ɗauke da amfisilin miligiram 250 da kuloksasilin miligiram 250. A kan sitafilokok mai almakashi, rabin farko ba ya ƙara komai. Mai maruru da ya sayi Ampiclox ya sha ɗaya da safe ɗaya da dare, kamar yadda aka saba, ya sami miligiram 500 na maganin da ke aiki a yini, rubu'in awon da aka saba bayarwa ke nan, kuma a kan tuwo. Bayan kwana uku ya zo likita ya ce ya sha kuloksa bai ji sauƙi ba, a rubuta a takarda cewa magani ya gaza. Wane magani? Bai sha ba tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa haɗin amfisilin da kuloksasilin a jerin haɗe-haɗen da ba ta ba da shawarar amfani da su ba, amma har yanzu yana cikin abin da aka fi saye a kan tebur da cikin tiren ƴan talla.

Yadda ake sayen ma abin dubawa ne. Mai talla ba ya tambayar ciwo, kuɗin hannu yake tambaya. Na dala ashirin, na dala hamsin, a yanko kafso biyu ko huɗu daga kati. Wasu su ɓare kafson su barbaɗa garin a kan miki, abin da ba ya kai magani inda ƙwayar take. A ƙetaren iyaka an san ana ɗiga wa jarirai sababbin haihuwa ruwan Ampiclox da sunan rigakafi, wasu mata kuma suna shan sa bayan al'ada ko bayan saduwa da zaton yana wanke ciki ko hana ɗaukar sa, alhali ba ya yin ko ɗaya. Abin da ake yi a Katsina da Jibiya kuwa ba ya tsayawa a iyakar Ɗan Isa, domin dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya ce. Hanyar da ta haɗa Kano da Katsina da Maraɗi ita ce hanyar magani, mai kyau da marar kyau. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. Ko na ƙwarai ne, kafson da ya wuni a tire cikin ranar Afrilu ba shi ne wanda ya fito daga kamfani ba. A farkon 2024 hukumomin Nijeriya sun tilasta wa dillalan magani na kasuwar Sabon Gari ta Kano komawa cibiyar Dangwauro domin a iya sa musu ido. A namu ɓangaren, hukumar ONPPC ke da alhakin sayo magani, ɗakin awon LANSPEX ke da alhakin auna ingancinsa, amma abin da ya shigo a bayan babur bai bi ta ƙofar kowannensu ba.

Akwai sharaɗi na ƙarshe wanda ya girmi fenisilin. Mugunyar da ta taru ba ta da hanyar jini a cikinta, magani ba ya isa tsakiyarta. Maganin maruru da ya nuna shi ne a tsaga a fitar, kuma ƙaramin maruru a jikin mai lafiya sau da yawa ba ya bukatar komai bayan haka sai wanki da ɗauri. A nan wanzami ya fi wasunmu fahimtar ciwon, don shi ya san sai an fasa. Inda muke rabuwa da shi shi ne aska ɗaya ga mutum goma, da abin da ake shafawa bayan tsagar. Na taɓa karɓar yaro ɗan shekara bakwai da cinya ta kumbura kamar tulu, an yi masa allura kala uku cikin kwana goma a wani wuri, ba wanda ya sa hannu ya ji tana lumtsawa. Ƙurji ne a cikin tsoka. Da aka tsaga, abin da ya fita ya kusa cika ƙaramin kwano, zazzaɓin ya sauka washegari, da kuloksasilin ɗin da aka ce ba ya ji.

4.0 Inda kuloksasilin ba shi da madadi mai sauƙi

Kada a ɗauka maganar maruru ce kawai. Littafin aljihu na Hukumar Lafiya ta Duniya kan jinyar yara a asibiti ya ce jaririn da ake zaton cuta ta shiga jininsa, idan yana da ƙuraje masu mugunya ko cibiya ta ruɓe, a ba shi kuloksasilin da jentamisin ta jijiya. Haka ma ciwon huhu na sitafilokok, wanda kan biyo bayan ƙyanda ya tara mugunya a ƙirji: miligiram 50 ga kowane kilo na nauyin yaro, kowace awa shida, tare da jentamisin sau ɗaya a yini. Ciwon ƙashi da na gaɓa su ma nasa ne, na makonni ba na kwanaki ba. Sai dai a yi hattara da mai amosanin jini, domin a ƙashinsa salmonela tana yawan shiga, kuloksasilin kuwa ba ya ganinta.

Allura sau huɗu a yini aiki ne. Tana bukatar ma'aikacin da zai tashi ƙarfe biyun dare, tana ƙona jijiya har a yi ta sauya wurin ƙarin ruwa. Seftiriyakzon kuwa sau ɗaya ne a yini. A ɗakin da ma'aikaciya ɗaya ke kwana da yara talatin, kowa ya san wanda za a zaɓa, kuma ban ga laifinta ba. Amma a faɗi gaskiya cewa ƙarancin hannu ne ya zaɓa, kada a ce ƙwaya ce ta bijire.

Ta fuskar illa, babba ita ce rashin jituwa da dangin fenisilin, daga borin jini har zuwa shaƙewar numfashi, don haka tambayar "ka taɓa shan irinsa ya tayar maka da ƙaiƙayi?" wajibi ce. Yakan taɓa hanta ya kawo shawara, musamman ga tsofaffi da wanda ya haura mako biyu yana sha, kuma ana taka-tsantsan da shi ga jaririn da idonsa ya riga ya yi rawaya.

Cibiya kuwa gara a tare ta tun daga gida. Man kulohekzidin da ake shafa wa cibiyar jariri ya rage ruɓewa da mutuwa a gwaje-gwajen da aka yi a Nepal da Bangaladash da Pakistan, kuma jahar Sakkwato ta fara raba shi ga masu haihuwa a gida tun 2013. Kowace cibiya da ta bushe lafiya, kwalaben kuloksasilin ne aka yi tsiminsu.

5.0 Abin da binciken Maraɗi ya riga ya nuna

Jahar nan ba baƙuwar bincike ba ce. Tun bayan yunwar 2005 cibiyoyin jinyar tamowa suka jawo masana, kuma cibiyar Epicentre tana da mazauni a cikin birnin Maraɗi. Bincike uku sun shafi maganarmu, ko da yake ba a kan kuloksasilin aka yi su ba.

Page da abokan aikinta (2013) sun bi yara 311 masu tamowa mai tsanani da aka kwantar a Maraɗi tsakanin 2007 da 2008. An sami ƙwayar cuta a jinin kashi 17 cikin ɗari, yara 29 suka rasu, akasari saboda cutar da ta shiga jini. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa alamomin da likita ke gani da ido ba su yi daidai da abin da ɗakin awo ya tabbatar ba. Yaron da tamowa ta cinye ba ya zazzaɓi yadda littafi ya ce. Idan ido bai iya faɗin ko akwai ƙwaya ba, ina zai iya faɗin ko ta bijire?

Woerther da abokan aikinsa (2011) sun duba hanjin yara 55 a wata cibiyar tamowa ta Maraɗi. Kashi 31 cikin ɗari sun zo da ƙwayoyin hanji masu karya dangin seftiriyakzon tun daga gida, kuma cikin waɗanda suka zo babu su aka sake auna su wajen sallama, kashi 94 cikin ɗari sun kwashe su a asibitin. Wannan shi ne kuɗin da ake biya idan magani mai faɗi ya zama na kowa da kowa. Duk allurar seftiriyakzon da aka yi wa mai maruru ba ta tsaya kan marurun ba, ta bi ta hanjinsa ta share masu rauni ta bar wa masu taurin kai fili.

Na uku shi ne gwajin Isanaka da abokan aikinta a gundumar Madarunfa, wanda mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2016. Yara 2,399 masu tamowa marar rikici, rabi aka ba su amoksisilin, rabi aka ba su abin da ya yi kama da shi. Waɗanda suka warke: kashi 65.9 da kashi 62.7 cikin ɗari, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba, ko da yake amoksisilin ya rage yawan waɗanda aka tura asibiti. Darasin da na ɗauka a nan na hanya ne: a ƙasar nan, da yaranmu, an iya ɗaukar al'adar da kowa ya yarda da ita a auna ta.

Game da sitafilokok kanta, Breurec da abokan aikinsa (2011) sun tattara ƙwayoyi daga birane biyar na Afirka, Yamai da Dakar da Yawunde da Kasabalanka da Antananaribo. Cikin waɗanda ke jin metisilin, fiye da rabi suna ɗauke da dafin da Panton da Valentine suka bayyana a 1932, mai kashe fararen ƙwayoyin jini ya tara mugunya, alhali a Turai kaɗan ne ke da shi. Wannan ya bayyana abin da muke gani: marurai manya, masu zurfi, masu dawowa, a gida ɗaya mutum uku. Ƙwayarmu tana iya zama mai zafin dafi kuma tana jin kuloksasilin sarai. Muni daban, bijirewa daban, amma a bakin gado ana rikita su.

Ba ina cewa babu MRSA ba ne. Ƙididdigar da mujallar Lancet ta buga a 2022 ta ɗora mutuwar mutum miliyan 1.27 a 2019 kai tsaye a kan bijirewar ƙwayoyin bakteriya, MRSA kaɗai ta ɗauki fiye da 100,000, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki, da mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Yawan shan kowane irin maganin ƙwayoyin cuta, daga Ampiclox na tire har siforofuloksasin, shi ke share wa MRSA fage. Har dabbobi suna cikin lissafin: sitafilokok na cikin manyan masu kawo ciwon hantsa, kuloksasilin ɗin nan ne ake matsawa a nonon saniya, kuma a jahar da kusan kowace mace ke da jar akuya, hannun da ya yi tatsa shi ke dama fura.

6.0 Rarrabewa da abin da ake nema

Idan majinyaci ya dawo bai ji sauƙi ba, akwai tambayoyin da ba sa cin ko dala. Me ka sha, nuna mini katin. Sau nawa a yini, kafin abinci ko bayansa? A ina ka saya? Sannan a sa hannu a taɓa, ko akwai mugunyar da ta rage a ciki. Mafi yawan lokaci a nan amsar take, kuma gyaranta cikakken awo ne da aska mai tsabta. Idan duk wannan ya daidaita ciwo yana ci gaba, to ko ƙwayar ba sitafilokok ba ce, ko MRSA ce. Idan MRSA ce, seftiriyakzon asarar kuɗi ce da lokaci. Abin da ake bukata shi ne kilindamisin ko kotirimokzazol ko doksisikilin, gwargwadon abin da awo ya nuna, ko bankomisin ga mai tsanani, wanda ke da tsada kuma sai ana duba ƙoda. Ta kowace fuska aka duba, jimlar "kuloksa ba ya ji, a yi seftiri" ba ta da wurin tsayawa a kan sitafilokok.

Awon da ke raba gardamar ba na ƙasashen masu kuɗi ba ne. A ɗebi mugunya kafin a fara magani, a shuka ta, a ɗora ɗan faifan sefokzitin mai maikurogiram 30 a kan farantin, a auna da'irar washegari. Cikin kwana biyu zuwa uku an san ko kuloksasilin zai yi. Ba kowace cibiyar lafiya ta ƙauye za ta yi wannan ba, kuma ba a bukatar haka. Abin da ma'aikacin Tibiri ke bukata shi ne ya san, cikin ƙwayoyi ɗari da aka shuka daga mutanen yankinsa bara, nawa ne suka ji maganin, kuma waɗanda suka zo daga gida a ware su daga waɗanda aka kwasa a gadon asibiti, domin lissafinsu ba ɗaya ba ne. Alƙaluman Yamai ko na Kano ba za su yi masa wannan aiki ba.

Roƙona ga Sashen Kimiyyar Lafiya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, tunda kowace shekara ɗalibai na neman batun kundin kammala karatu: a ba wasu daga cikinsu aikin tattara sakamakon awon mugunya da na jini daga Babban Asibitin Jaha da Asibitin Ƙwararru na Maraɗi da asibitin gundumar Madarunfa, da tsari ɗaya, shekara bayan shekara. A taƙaita shi a shafi guda, da Faransanci da Hausa, a liƙa a bangon kowane ɗakin duba marasa lafiya daga Tibiri zuwa Jiratawa. Masu kantin magani kuma, kafin wannan shafi ya fito, duk wanda kuka miƙa wa kuloksasilin ku gaya masa da baki: sau huɗu, kafin abinci, har katin ya ƙare.